Jar Mota da Takarda Shafi Huɗu: Rakiyar Yaya Zuwa Stuttgart

Takardar da Yaya ya zaro daga aljihun kwat, muna cikin jirgin ƙasan Frankfurt zuwa Stuttgart, shafi huɗu ce, kuma babu layin da bai sha jan biro ba. Shekara ashirin ke nan yana aikin likita a Jamus. Yaransa biyu sun tafi jami'a, gida ya koma daga shi sai matarsa, Anti, sai ya ga lokaci ya yi da zai biya wa ransa buƙatar da ya riƙe tun yana ɗalibi a Zariya, wato ƙaramar Porsche mai kujera biyu. Ni ziyara ce ta kawo ni daga Kano a watan Oktoba na 2022, aka mai da ni ɗan rakiya, aka kuma damƙa mini lissafi.

Na ɗauka sayen mota a can irin namu ne: ka je wurin dillali, ka zagaya ta, ka ɗan shuri taya, bakanike ya ɗaga bonet ya kasa kunne, a yi ciniki, a ce Allah ya sa alheri. Ashe motar da Yaya zai saya ko ƙusa ɗaya ba a ɗaura mata ba tukuna. Mai saye ne zai zauna ya zaɓi injin, da giya, da taya, da kujera, da fenti, har launin zaren da za a ɗinke fatar ciki da shi. In ya gama, kwamfuta ta ba shi 'yar gajeriyar lamba da ta ƙunshi duk abin da ya zaɓa, sai a sa shi a layin ƙira. Akwai ranar da in ta wuce, ƙofar canja ra'ayi ta rufe. Tsoron wannan rana ne ya hana Yaya barci.

Daga babbar tashar Stuttgart, wadda tun 2010 ake haƙa ana gini a cikinta, muka hau jirgin cikin gari mai lamba S6. Minti kamar goma ya sauke mu a Porscheplatz, unguwar Zuffenhausen. Abin da ya fara tarye mu a shataletale shi ne wasu dogayen turaku uku farare, kowanne da mota 911 a maƙale a ƙarshensa kamar za ta tashi sama. Masana'anta na gefe guda, gidan tarihi da aka buɗe a 2009 na gefe, yana tsaye kan ƙafafu uku na kankare. Dokin da ke tsakiyar tambarin kamfanin na garin ne. Sunan Stuttgart kansa daga makiyayar dawaki ya samo asali.

Yaya ya ce sai mun fara da tarihi, kuma da dalilinsa. Ya tsayar da ni gaban motar farko da ta ɗauki sunan Porsche, 356 mai lamba ɗaya, wadda aka haɗa a Gmünd ta ƙasar Ostiriya a 1948. Injinta yana bayan direba, gaban tayoyin baya, wato a tsakiya. Haka 550 Spyder ta 1953, haka 718 ta 1957 wadda ta ci tseren Targa Florio na tsibirin Sisili a 1959 da 1960. Da kamfanin ya shiga matsin kuɗi a farkon shekarun 1990, wannan tsarin ya koma wa, ya fito da Boxster mai buɗaɗɗen rufi a 1996, sannan Cayman mai rufin ƙarfe a 2005. A 2016 aka haɗa su biyun ƙarƙashin tsohuwar lambar 718. Injin tsakiya na raba nauyi daidai, shi ya sa motar ke shan kwana ba ta tangaɗi. Kuɗin wannan ni'ima shi ne kujerar baya: babu ita.

Baturiyar da ta karɓe mu a wurin sayarwa mace ce mai haƙuri. Ta kawo shayi, ta juyo mana da allon kwamfuta, ta fara da injin. Cayman ta ƙasa tana da silinda huɗu, lita 2.0 da turbo, ƙarfin doki 300. Ta sama da ita, mai harafin S, lita 2.5 ce, doki 350. Sai GTS 4.0 da ta fito a 2020, silinda shida ba turbo, doki 400. Ta ƙasan ma tana kai kilomita 275 a awa, kuma a lokacin farashinta ya haura Yuro dubu hamsin kafin a ƙara mata ko tsinke.

A ƙarin ne gizo ke saƙar. A lokacin, fari, baƙi, ja da rawaya ba a biyan komai a kansu. Fenti mai ƙyalli da kuɗinsa. In kuwa ka zo da launin da ke ranka ka ce a haɗa maka, wannan sai wane da wane, kuma jira zai ƙaru. Bel ɗin kujera mai launi, kuɗi. Tambari mai launi a cibiyar taya, kuɗi. A buga doki a jikin matashin kai na kujera, kuɗi. Har makulli ana fente shi ya dace da motar. Kowanne in an faɗe shi shi kaɗai ba ya tayar da hankali, kamar kayan lefe ne, sai an tara a ga akwati ya ƙi rufuwa. Ina biye da biro, kafin mu gama shafi na uku jimillar ta kusa taɓo farashin S wadda ba a ƙara mata komai ba. Na tura wa Yaya takardar ta ƙarƙashin tebur. Ya duba, ya cire tabarau, ya goge, ya mayar.

Matar ta lura. Ta ba shi shawara kada ya sa hannu ranar, ya yi hayar irin motar yini guda, ya bi hanyar da ta haɗa cunkoso da gudu da kwana, sannan ya dawo. Ban taɓa ganin dillalin da ya kori kuɗi zuwa gobe ba sai ranar.

Washegari da hantsi aka ba mu GTS 4.0, wadda ta zo da kusan duk abin da Yaya ya ja wa layi: taya inci 20, jiki da aka sauke ƙasa da milimita 20, da tsarin Sport Chrono mai agogon awon lokaci a saman dashbod. Tsayin motar bai kai mita ɗaya da santimita talatin ba. Ba shiga ake yi ba, zubewa ake yi. Hulata ce ta fara karo da rufi, na cire ta na ɗora a cinya, na kuma gode Allah da ban zo da babbar riga ba. Jakunkunanmu suka shiga but ɗin gaba mai cin lita 150, inda wasu motoci ke ajiye injin. Yaya ya lalubi wurin makulli da hannun dama bai samu ba. A hagun sitiyari yake. Ana danganta wannan al'ada da tseren Le Mans na da, lokacin da direbobi ke rugowa da gudu su tayar da mota da hagu, dama na kan giya.

Gardamar da ta fi tsawo a takardarsa ita ce ta giya. Zuciyarsa na kan manuwal mai giya shida, don da manuwal ya koyi tuƙi a tsohuwar Fijo 504 ta Baba, kuma yana ganin namiji shi ke sa wa kansa giya. Ta hayar kuwa PDK ce mai giya bakwai, mai kuloci biyu: ɗaya na riƙe da giya ta ɗaya, ta uku, ta biyar da ta bakwai, ɗayan na riƙe da sauran, don haka kafin a buƙaci ta gaba tana nan a shirye. A motocin tsere aka fara gwada ta a shekarun 1980, ta shigo motocin titi a 2008. A Cayman ta ƙasa, manuwal na kai kilomita 100 cikin daƙiƙa 5.1, PDK cikin 4.9, in an haɗa da Sport Chrono 4.7.

Ba waɗannan alƙaluma ne suka raba gardamar ba. Babbar hanyar A8 ce, daidai Pforzheim, inda ake faɗaɗa titi, muka shafe kusan awa muna jan ciki tsakanin tireloli. Garin nan ne Bertha Benz ta tuƙo mota zuwa cikinsa daga Mannheim a watan Agusta na 1888, doguwar tafiyar mota ta farko a tarihi, kuma na rantse a wannan awar ba mu fi ta sauri ba. Yaya ya dubi ƙafarsa ta hagu da ke hutawa, ya tuna hanyarsa ta zuwa asibiti kowace safiya.

"Ɗauko biro," ya ce. "Soke manuwal."

"Yaya, ina batun namiji?"

"Namijin gwiwarsa ta fara ciwo."

Bayan Karlsruhe muka karkata kudu kan A5, hanya ta buɗe. A sassan da ba a kafa iyaka ba, kilomita 130 shawara ce kawai. A jikin sitiyari akwai ɗan abin murɗawa na Sport Chrono da maɓalli a tsakiyarsa. In ka danna, injin da giya su miƙe tsaye na daƙiƙa 20. Ya danna. Ƙarar silinda shida ta taso daga bayan kunnuwanmu, ƙeyata ta manne da kujera, na ji bakina yana salati ba da izinina ba. Sau biyu ya yi, sai ga allon iyakar gudu, sai ga mota ta shigo gabanmu. A duk yinin, wannan maɓalli bai yi aikin minti ɗaya cikakke ba.

Daga Baden-Baden hanyar B500 ta fara hawa cikin Baƙin Daji, kilomita kusan 60 zuwa Freudenstadt, kwana bayan kwana tsakanin dogayen itatuwa masu duhun ganye. A nan na fahimci abin da ya riƙe zuciyar Yaya shekaru talatin. Ba gudu yake yi ba, bai ma kai iyakar da doka ta ba shi ba, amma inda ya nuna da sitiyari nan motar ke bi, ba musu, ba jinkiri. Ya yi shiru, abin da ba halinsa ba ne. Can ya ce, ko rabin ƙarfin injin nan bai taɓa ba tun da muka fara hawa, doki 300 ma sun yi masa yawa.

Birki ma a nan aka yanke masa hukunci. Ya so na yumɓu, wanda ake gane shi da rawayan kalifa: nauyinsa kusan rabin na ƙarfe ne, ba ya baƙanta rim da ƙura, ba ya gajiya in ya yi zafi. Kuɗinsa kuwa zai sayi mota 'yar Kwatano mai lafiya, kuma ranar da ya fashe sai an sake biyan makamancinsa. Na ƙarfen da ke ƙarƙashinmu ya sauko da mu gangare bayan gangare bai nuna ko alamar kasala ba. A ganina wanda ba ya zuwa filin tsere, launin rawaya kawai ya saya.

A bakin tafkin Mummelsee, sama da mita dubu daga doron teku, muka tsaya muka yi salla a gefen wurin ajiye motoci, sanyi na yankan kunne. Da Yaya ya zo fita daga motar sai da ya dafa ƙofa ya yi nishi. Duk inda rim ya ƙara girma, robar da ke tsakaninsa da kwalta raguwa take yi, kowane faci na titi kuma sai ya iso ƙugu. Ya soke inci 20 ya rubuta 19. Ya soke saukewar milimita 20 ya koma ta 10, mai shokozoba da ake tausasawa ko a ƙarfafa da maɓalli. Sannan ya tuna abin da babu shi a takardar sam: tayoyin hunturu, saiti na biyu cur, waɗanda Jamusawa ke ɗaurawa daga Oktoba zuwa Ista. Ni dai tunanina ya tafi kan tudun rage gudu na unguwarmu, wanda ko Golf sai ta bi shi a karkace.

Muna shan shayi Anti ta kira. Ba ta tambayi doki nawa ba. Ta ce ita za ta zauna a kujerar dama, don haka a sa mai gyaruwa da lantarki, a sa kyamarar baya, don ta san yadda yake shiga gareji. Kujerun iri-iri ne, daga mai motsi kaɗan zuwa mai motsi 14 da 18, har da ta tsere mai kamar kwano wadda bayanta ba ya kwanciya. Ya zaɓi mai 14. Batun lasifikan Bose ko Burmester kuwa ya mutu da kansa, tunda yini guda ba wanda ya tuna da rediyo.

Magariba ta same mu muna gangarowa daga Freudenstadt, hazo ya sauko, hanya babu fitilar titi ko ɗaya. Fitilun motar suna juyawa tare da sitiyari, suna leƙa kwana kafin mu isa, suna rage haske da kansu in wata mota ta tunkaro. Wannan zaɓi yana shafi na huɗu, Yaya ya sa masa alamar tambaya tun a gida. Ya ce in mayar da ita alamar amincewa. Da muka tsaya shan mai, mai lamba 98 da aka fi so a zuba mata, ya ƙara abu guda mai araha: tankin lita 64 a madadin na 54 da ke zuwa da ta ƙasa.

Da safe muka koma wurin matar da takarda da ta ragu zuwa shafi ɗaya da rabi. Cayman mai doki 300, PDK, taya 19, shokozoba mai maɓalli, fitilu masu bin kwana, kujera mai motsi 14, kyamara, babban tanki, jan fenti na kyauta. Sport Chrono ya tafi, birkin yumɓu ya tafi. Har ta kai hannu za ta rufe, sai ya yi gyaran murya ya ce a buga masa dokin nan a matashin kai. Na tuna masa cewa ƙeyarsa ce za ta rufe shi duk lokacin da ya zauna. Ya ce ya sani, kuɗinsa ne.

Motar ta iso bayan watanni, na riga na koma Kano. A tsakiyar 2024 aka daina sayar da wannan samfuri a ƙasashen Tarayyar Turai saboda sabuwar dokar tsaron na'urorin mota daga kutse, don haka tasa na cikin na ƙarshe-ƙarshe. Hoton farko da ya turo mini ba na injin ba ne, ba na dokin ba ne: Anti ce a kujerar direba, shi yana dama riƙe da hularsa a cinya.