Murfin taya da damina

A watan Agusta, hanyoyin ƙauyukan Doguwa da Tudun Wada kan koma jan taɓo, domin kudancin Kano ya fi arewacinta samun ruwa. Lokacin ne mai keke yake gane amfanin ƙarfen nan da ke rufe saman taya. Idan babu shi, tayar baya ta feshe masa riga, ta gaba kuma ta cika sarƙa da yashi.

Tsofaffin kekunan Raleigh da Phoenix da murfinsu suke zuwa, ga kariya mai ɗaukar buhun masara ko kifin Tiga. An bar tazara tsakanin murfi da taya, don kada laka ta cushe.

Masu keke na Kiru da Bebeji, a ɗaure murfin kafin ruwa ya sauka.