Hoton Teku da Kududdufin Bayan Gidanmu

Da kakata ta rasu a shekarar 2015, bayan an yi sadakar bakwai, aka buɗe akwatin ƙarfenta a gaban 'ya'ya da jikoki. Aka fito da zannuwan saƙi guda biyu, da carbi, da wata tsohuwar tasa da ta zo da ita gidan aure, sai kuma wani ƙunshi da aka naɗe da tsumma. Da aka kwance shi sai ga hotunan teku guda uku. Matar da ba ta taɓa wuce Kano ba a rayuwarta, ita ce ta adana hoton Tekun Atlantika shekara 11 a ƙarƙashin kayan da ta fi ƙauna. Ni na ɗauki hotunan, kuma su ne sanadin wannan rubutu.

A 2004 aka tura ni Legas domin yi wa ƙasa hidima. Ranar da na je yi mata sallama a ɗakinta a Kafinsoli, ta dube ni ta ce, "Maigidana, ashe Ikko za ka ka bar ni? To, ba na son atamfa, ba na son goro. In ka isa bakin bahar, ka kawo mini hotonsa in gani." Ta daɗe da wannan buri. Mahaifinta yana cikin waɗanda suka tafi aikin Hajji a ƙafa, suka bi ta Barno da Cadi da Sudan har gaɓar Bahar Maliya, suka shiga jirgin ruwa zuwa Jidda. Ya dawo bayan shekaru yana ba 'ya'yansa labarin wani ruwa da ba a hango tsallakensa. Ita kuwa babban ruwan da ta sani shi ne kududdufin da ke bayan gidanmu, wanda yakan cika da marka ya ƙafe kafin bazara. Ta ce gani ya kori ji, tana so ta gani ko da a takarda ne.

Da alawus ɗina na wata biyu na sayi kyamara ta hannu, mai cin fim na hoto 36, na nufi Bar Beach da ke Victoria Island. A wancan lokaci kana sauka daga mota a titin Ahmadu Bello sai ka tsallaka ka taka yashi. Ƙarar ruwan ce ta fara isowa gare ni kafin in gan shi, wata irin ƙara mai kama da tsawar da ba ta yankewa. Na tarar da masu ibada cikin fararen kaya suna durƙushe a rairayi, da masu tsire, da masu ɗaukar hoto, da samari masu hayar dawaki. Ɗaya daga cikinsu da ya ji Hausata ya tambaye ni garinmu, na ce ƙasar Kankiya, ya ce shi mutumin Daura ne. Shi ya gargaɗe ni kada in juya wa ruwan baya, domin igiyarsa tana janye mutum tun daga idon sawu. Na tsaya nesa, na ƙarar da fim ɗin gaba ɗaya cikin abin da bai kai rabin awa ba.

Da na zo hutun Sallah na kai mata. Ta ɗauki hoto na farko, ta kai shi bakin ƙofa inda haske yake, ta juya shi hagu, ta juya shi dama, sannan ta ce, "Kai, wannan ruwan naka ai zubewa zai yi. Wa ya girke maka ƙwaryar a karkace?" Na karɓa na duba, sai na ga gaskiyarta. Layin da ya raba sama da ruwa ya jirkice, gefe ɗaya ya fi ɗaya tudu. Idon mutum yakan yafe karkatar bishiya ko ta katanga a cikin hoto, amma ba ya yafe karkatar ruwa, domin duk wanda ya taɓa ɗaukar tulu ya san ruwa daidai yake kwanciya. Wannan ne darasina na farko a kan ɗaukar hoton teku, kuma daga bakin wadda ba ta taɓa riƙe kyamara ba ya fito. Ta kuma yi tambayoyi biyu da har yau nake tunawa: ina tsallaken, kuma ana shan sa? Da na ce gishiri ne, ba a sha, ba a ban-ruwa da shi, sai ta yi shiru, can ta ce, "Ikon Allah. Mu muna roƙon ɗigo, su ga shi an zube musu ba amfani."

Na koma Legas da niyyar gyara. Sauran watannin da suka rage mini, kusan kowace Asabar ina bakin ruwa bayan sallar Asuba. A hankali na gane cewa tsakar rana ita ce mafi munin lokaci, domin hasken yakan daki ruwan ya mayar da shi fari fat, inuwa kuma ta ɓace. Gaɓar Legas kudu take kallo, saboda haka in ka fuskanci ruwa rana takan fito ta hagunka ta faɗi ta damanka, haskenta na safe da na yamma ya riƙa shafar igiyar ruwa daga gefe, har kowane tudu da kwari ya fito. Na gane cewa in kyamara ta ƙifta da sauri sai ta daskarar da feshin ruwa a iska kamar watsattsen gero, in kuwa aka ɗora ta a kan abin da ba ya motsi aka bar idonta a buɗe na ɗan lokaci, sai igiyar ta narke ta zama kamar hayaƙi. Na gane cewa iskar teku tana ɗauke da gishiri, wanda yakan lulluɓe gilashin kyamara cikin 'yan mintoci, don haka nakan ɓoye ta a cikin riga sai lokacin ɗauka. Kuma hoton ruwa tsagwaronsa ba ya gaya wa mai kallo girmansa, sai an sa wani abu da ido ya saba da shi a gaba, ko kwalekwale, ko doki, ko mutum.

Abin da ya fi ba ni wahala shi ne sama ta fi ruwa haske. In na daidaita kyamara domin gajimare sai ruwa ya yi baƙi, in na daidaita domin ruwa sai sama ta wanke. Daga baya na karanta cewa wannan matsala ta girmi kakannina. Wani Bafaranshe mai suna Gustave Le Gray, a shekarun 1850, ya shawo kanta ta hanyar ɗaukar sama a faifan gilashi guda, teku a wani, sannan ya haɗa su a takarda ɗaya lokacin wankewa. Ni ban da wannan ƙwarewa, sai na koyi jira, har lokacin da hasken sama ya sauko ya kusanci na ruwa. Cikin fim takwas da na ƙarar, hotuna uku ne na ga sun isa in kai wa Iya. A ɗayansu ɗan Dauran nan ne yake jan farin doki a gefen ruwa, layin sama kuwa a miƙe kamar an ja shi da zare. Ta duba ta ce, "Yauwa, yanzu ka girke ta."

A 2019 wani taron malaman jami'a ya sake kai ni Legas. Na sa hotunan uku a jaka da nufin in tsaya daidai inda na tsaya a da, in sake ɗauka. Na sauka a titin Ahmadu Bello ban ji ƙarar ruwa ba. Inda ɗan Daura ya ja dokinsa ya zama tudu, an shimfiɗa tituna, dogayen benaye suna tashi, teku kuwa ta koma can nesa. Bar Beach ta shige ƙarƙashin sabon birnin da ake kira Eko Atlantic.

Labarin yadda haka ta faru abin nazari ne ga ɗalibi. Tsakanin 1908 da 1912 Turawan mulkin mallaka suka gina katangun duwatsu a mashigar tashar jiragen ruwa ta Legas domin manyan jirage su riƙa shiga. A wannan gaɓa igiyar ruwa tana tura yashi ne daga yamma zuwa gabas. Katangun suka tare shi, ya riƙa taruwa a yammacinsu, gabashinsu kuma, inda Bar Beach take, ruwa ya ci gaba da kwashe wanda ke nan ba tare da wani ya maye gurbinsa ba. Shekara da shekaru teku tana cin ƙasa, gwamnati tana zuba yashi, har ta kai ruwa yakan hau titin Ahmadu Bello ya shiga gine-gine. Daga wajen 2008 aka fara cike wurin da yashin da ake haƙowa daga ƙarƙashin teku, aka kuma shiga gina doguwar katangar kariya da aka tsara tsawonta zai wuce kilomita 8. Titin ya huta da ambaliya. Amma filin da talakan Legas yake zuwa shan iska, wanda kuma a shekarun 1970 aka riƙa harbe 'yan fashi a cikinsa a bainar jama'a, yanzu a hotuna kawai ake ganinsa. Na ɗauki nawa ne domin in faranta wa tsohuwa rai, sai ga shi sun zama shaida.

Da wannan tunani na dawo gida, kuma a nan ne kunya ta kama ni. Na zagaya bayan gidanmu, sai na tuna kududdufin nan ma babu shi. A gabana aka yi ta zuba masa shara da ɓaraguzan gini, ina zuwa hutu ina komawa, har aka yanka shi fuloti-fuloti. Daga cikinsa aka haƙi ƙasar da aka gina ɗakin Iya. A cikinsa na koyi iyo, na sha bulala a kan haka. A bakinsa makiyaya suke shayar da shanu, magina suke buga tubali da rani, kwaɗi suke hana mu barci da damina. Na bi unguwa gida-gida ina tambaya ko akwai mai hotonsa. Kowa da waya a hannu, cike da hotunan biki da na suna da na hawan Sallah, amma ko mutum ɗaya ban samu ba. Ni kaina na yi tafiyar fiye da kilomita 1,000 na ƙarar da fim takwas a kan ruwan wasu, ban taɓa ɗaga kyamara sau ɗaya ga ruwan da ya raine ni ba, domin a ganina kududdufi bai kai abin ɗauka ba.

Rashin hoton nan yana da illa da ta wuce kewa. Kududdufi shi ne ma'ajiyar ruwan sama ta gari, in an cike shi ruwan ba ya fasa zuwa, sai dai ya nemi wani masauki. Da markar da ta biyo baya na ga ruwa tsaye a tsakar gidajen da aka gina a wurin, katanga biyu suka zube. Da aka zauna a ƙofar gidan mai unguwa, matasa suka ce ruwan bana ne ya yi yawa, dattawa suka ce hanyarsa aka tare, aka tashi ba a daidaita ba. Da akwai hoto guda da ke nuna iyakar da ruwan yake kaiwa a watan Agusta, da gardamar ta taƙaita. Duniya ta yarda Tafkin Cadi ya janye daga faɗin wajen murabba'in kilomita 25,000 da yake da shi a farkon shekarun 1960 ne saboda akwai hotunan da aka ɗauka daga sama, aka jera na da kusa da na yanzu. Wanda ba shi da hoton jiya da wuya ya gamsar da hukuma cewa yau an yi masa asara.

Tun daga lokacin na ɗora wa kaina wani ɗan aiki. Sau biyu a shekara, da marka da kuma ƙarshen rani, nakan tsaya a wuri guda a bakin kududdufan da suka rage a garinmu in ɗauke su. Idan hanya ta yi lafiya nakan je madatsar ruwa ta Zobe da ke kusa da Dutsin-Ma, wadda aka kammala a 1983 a kan kogin Karaduwa, ko da yake rashin tsaro ya sa wasu shekarun ban je ba. Duk abin da teku ta koya mini ya yi aiki a nan: hasken safe, da daidaita layin ruwa, da sa kwalekwalen masunci a gaba. Har ma muna da abin da Legas ba ta cika samu ba, wato hazon hunturu mai kauri, wanda yakan shafe tsallaken Zobe har ka rantse bahar ce.

Ga ɗalibaina da sauran masu karatu, musamman na jami'o'in Katsina da Dutsin-Ma, wayar da ke aljihunku ta fi kyamarar da na saya a 2004. Ku zaɓi ruwa guda a garinku, ko rafi, ko tafki, ko kududdufi. Ku sami alamar da ba ta gusawa, kamar kuka ko dutse, ku riƙa tsayawa a gindinta duk shekara. Ku nemi izinin mai unguwa, ku kauce wa lokacin da mata suke wanki ko yara suke wanka. Ku wanke hoton a takarda ku rubuta wuri da kwanan wata a bayansa, domin waya tana faɗawa ruwa, ana kuma sace ta. In sun taru, ku kai kwafi ɗakin karatun makarantarku ko Hukumar Tarihi da Al'adu ta jiha.

Hotunan Iya uku suna rataye a ofishina yanzu. Kwanan baya ƙaramar 'yata, wadda aka sa wa sunanta, ta tsaya tana kallon na mai dokin, ta ce in kai ta wurin in an yi hutu. Na gaya mata an yi gini a kai. Sai ta ce to in nuna mata hoton inda na koyi iyo. Na rasa abin da zan miƙa mata. Allah Ya jiƙan Iya, Ya sa kada jikokinmu su tambaye mu mu sake rasawa.