Taka, Riƙe, Saki

Mahaifina yana da tsohuwar Fijo 504 mai dogon baya, irin waɗanda aka riƙa haɗawa a Kaduna tun daga 1975. Da ita ya yi lodin fasinja tsakanin Nguru da Gashuwa har ƙarfinsa ya ja baya, kuma da ita aka kawo mahaifiyarmu tana amarya. Shi ya sa da aka sa bikin yayata a Disambar 2023, ya ce babu motar da za ta kai ta ɗakinta a Gashuwa sai wannan. Dangin ango sun yi tayin sabuwar mota, ya ƙi.

Ana saura kwana biyu na fita da ita wanki. A bakin kasuwa wani mai kura ya gifta, na taka birki ta tsaya, amma ƙafata tana kai sai na ji birkin yana nutsewa a hankali har ya kusa taɓa ƙasa, motar kuma ta fara silalewa. Da na koma gida na ɗaga bonet, man birki ya yi ƙasa sosai a ɗan kofinsa, fentin da ke ƙarƙashi duk ya saɓule. Na gaya wa Baba. Ya ce ai ya daɗe da sani, ƙara mai yake yi, kuma in an taka sau biyu tana kamawa. Ban yi musu da shi ba. Na ɗauki makulli na nufi garejin wani tsohon abokinsa, bakanike, wanda muke ce wa Kawu.

To, mai karatu, ni Bamange ne. Manganci na buɗe baki da shi, Hausa a layi da makaranta na tsince ta. Harshenmu bai raba namiji da mace a nahawu, don haka har yau "ya" da "ta" sukan kayar da ni. Da Kawu ya shafa bayan wani ɗan ƙarfe mai kamar kwalba ya nuna mini yatsarsa jiƙe, sai na ce, "Wato masta ne ya lalace?" Ya dube ni ya ce, "Ita ce ta lalace, Malam. Kai da aka ce Hausar kake karantawa a jami'a?" Yaransa suka bushe da dariya.

Masta ita ce zuciyar birki. In ka taka, fiston ɗin da ke cikinta ya tura mai ta siraran bututai zuwa tayoyi huɗu. Robobi ne ke hana man komawa baya. In sun cinye, man ya riƙa zurarewa ta gefensu, shi ne birki ke nutsewa. Robar ƙarshe kuwa in ta mutu, waje yake tsiyaya. Sabuwar masta sai an aiko daga Kano, ba kuma za ta iso kafin biki ba. Kawu ya kwance ta, ya zura ɗan yatsa yana laluben cikinta ido rufe. Ya ce man birki yana shan danshin iska, in ya shekara da shekaru ba a canza ba, tsatsa ta ci cikin ƙarfen, kuma da ta yi ramuka da ba zai taɓa ba, don sabuwar roba ba ta sati a kai. Tamu ba ta yi nisa ba. Ya goge da samfefa mai laushi, ya wanke da man birki. Wani yaronsa ya miƙo fetur, ya daka masa tsawa, domin fetur kumbura robar yake yi. Masu zuba ruwan omo in mai ya ƙare musu a daji kuwa, abin da ya faɗa a kansu ba na mujalla ba ne.

Bayan ya sa sababbin robobi ya ɗaure, saura fitar da iska, don iska tana matsuwa, mai kuwa ba ya matsuwa. Ya shiga ƙarƙashi, ya fara da tayar baya ta dama, wadda ta fi nisa da masta. Aikina kalmomi uku ne. "Taka!" in taka sau biyar. "Riƙe!" in danne, ya kwance ɗan noti mai da kumfa su fito, ya ɗaure. "Saki!" in ɗaga ƙafa.

A taya ta uku na ji ya ce "sake", na ɗaga ƙafa. Ashe da yaronsa yake, cewa ya yi ya sake duba man da ke kofi, notin kuwa a buɗe yake. Iska ta koma ciki. A aji mun yi giredin aikatau na Parsons, na kuma ci jarrabawa: "sake shi" na rabuwa giredi na 2 ne mai gajeren wasalin farko, "sake" na maimaitawa giredi na 4 ne mai dogo, karin sautinsu ma daban. A takarda na sani, kunnena ne bai sani ba. Kawu ya fito yana kaɗe ƙura ya ce, "Malam, yayarka ce za ta shiga motar nan." Bai ƙara komai ba. Muka koma tayar farko, ba mu gama ba sai bayan Magariba, da hasken tocilan.

Ranar kai amarya ni na tuƙa, Baba yana gefena, yaya da gwaggonni a baya. Mun wuce Jajimaji kaɗan, cikin hazo, garken shanu ya hau titi. Na taka sau ɗaya, ta tsaya, birkin bai motsa a ƙarƙashin ƙafata ba har saniyar ƙarshe ta ƙetare. Baba ya gyara hularsa, ya ce da ni da Manganci in tuna masa, in mun koma, a kai wa Kawu goron biki.