Daga Damagaram Zuwa Yamai: Kayan Da Aka Ɗauka Da Amanar Da Aka Bari

 

Tsakanin Damagaram da Yamai akwai tafiyar kilomita wajen 900 bisa babbar hanyar ƙasa mai lamba 1. A shekarar 1926 ne Turawan mulkin mallaka suka ɗauke babban birnin ƙasa daga Damagaram suka mai da shi Yamai, tun daga nan kuwa wannan hanya ba ta rabu da masu ƙaura ba: ma'aikacin da aka canza wa wurin aiki, da ɗan kasuwa, da malami, da ɗalibi. Mu ma aiki ya sa mun shiga sahunsu, muka tashi da iyali daga unguwar Birni. Muna so mu ba ku labarin yadda aka yi, ko Allah Ya sa wani magidanci ya amfana.

Galibin masu irin wannan ƙaura suna tashi ne cikin babban hutun lakwal, domin yara su iske buɗe makarantu a watan Oktoba. Wato ke nan ɗaurin kaya yana faɗawa ƙarshen damina, lokacin da hadari kan taso ba sallama. Saboda haka muka fara shiri wata guda kafin ranar tashi. Abu na farko da muka tattara shi ne takardu: na haihuwa, da katin rigakafin yara, da takardar canjin makaranta, da shaidar biyan kuɗin wuta da ruwa. Muka sa su cikin leda, muka sa ledar cikin ƙaramar jaka wadda ba ta shiga motar kaya ba, tana hannunmu har Yamai.

Sa'an nan muka kasa kayan gida kashi uku: na ɗauka, da na bayarwa, da na ajiya. A nan ne mutum yake gane yawan abin da ya tara ba ya amfani da shi. Randa da tuluna muka bar wa maƙwabta, don tukunyar ƙasa ba ta jure girgizar kilomita 900. Turmi ma muka bayar, nauyinsa ya fi kuɗinsa. Tufafin da yara suka fi ƙarfinsu aka raba wa almajirai. Amma da aka zo kan kayan jere, wato kwalla da fanteka da tangaran, sai muka ja bakinmu muka yi shiru. Kayan ɗaki dukiyar mace ce da iyayenta suka yi mata, miji ba shi da ikon ya ce a sayar ko a bayar. Uwargida da ƴan uwanta su suka zauna suka zaɓi na tafiya, suka naɗe kowane tangaran da tsohon zane, suka cusa ƙananan kwanuka cikin manya, suka cike gurabe da tsumma don kada su yi ta karo da juna.

Hatsi kuwa, buhu biyu muka ɗauka, kowane tiya 40, domin abinci ya fi tsada a babban birni. Wake muka zuba cikin buhun nan mai ninki uku wanda ake ɗaure kowane baki daban. Idan iska ba ta shiga, ƙwaro ba ya rayuwa, ba sai an zuba magani ba.

Kashi na uku, wato kayan ajiya, shi ne ya fi ɗaukar mana lokaci. Gidan hayar da muka samu a Yamai ɗaki biyu ne da falo, ba zai ɗauki gadon ƙarfe da adaka huɗu da sauran jere ba. Muka yanke shawarar barinsu a ɗakinmu na cikin gidan mahaifinmu, wanda yake limanci a unguwa. Mun ɗauka magana ta ƙare, tun da gida gidanmu ne. Sai Malam ya kira mu zaure bayan la'asar, ya ce a kawo takarda da alƙalami da mutum biyu daga cikin masu bin sa salla.

Muka ce, "Allah Ya gafarta Malam, tsakanin ɗa da mahaifi ma sai an rubuta?"

Ya ce, "Ba don ni da kai ba ne. Yau ina nan, gobe sai yadda Allah Ya yi. Idan na faɗi, duk abin da aka iske cikin gidan nan gado za a kira shi. Wa zai tsaya ya ce wannan adaka ta matarka ce?"

Ba mu da amsa. Sau nawa muka ga zumunci ya lalace a kan kwalla ɗaya ko keken ɗinki, don kawai wanda ya san gaskiyar magana yana kabari? Malam ya tuna mana cewa ayar da ta fi kowace tsawo cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, aya ta 58 a Suratun Nisa'i kuma ta yi umurni da mayar da amana ga masu ita. Ya ƙara da hukuncin da muka karanta tun muna yara cikin Risala ta Ibn Abi Zaid: wanda aka ba ajiya ba ya biya idan ta salwanta ba da sakacinsa ba, idan kuma gaban shaidu ya karɓa, to gaban shaidu zai mayar. Annabi ma, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da zai yi hijira a shekarar 622, sai da ya bar Sayyidina Aliyu a Makka domin ya mayar wa mutane da ajiyarsu.

Aka rubuta takarda biyu, ɗaya da ajami ɗaya da boko, kowace adaka da lambarta da abin da ke ciki da sunan mai shi. Muka ɗora adakun bisa bulo, taki guda daga bango, saboda gara da laima. Littattafan da muka bari, irin su Muwaɗɗa da Muhtasar da Jalalaini, muka sa busasshen ganyen dogon yaro tsakaninsu, aka yi alkawarin ƙanenmu zai riƙa buɗe ɗakin yana shanya su da rani. Alƙur'ani rubutun hannu da Malam ya ba mu cikin gafakarsa ta fata, shi kam ba ya cikin kayan ajiya, ba ya kuma cikin na kamyo. A ƙirji muka rungume shi.

Ran lodi aka sa masu nauyi ƙasa daga gaba, katifu suka tokare gefe, aka rufe da tampol aka ɗaure tamau. Abin da za a fara nema shi aka sa daga ƙarshe: tabarma, buta, tukunya ɗaya, fitila da gidan sauro. Kamyo ya tashi da wani ɗan uwanmu riƙe da jerin kaya, wanda ya sauƙaƙa masa bayani a shingayen jandarma da duwan. Mu kuma muka zaga gida gida muna ban kwana da neman gafara, muka biya ɗan bashin da mai kanti yake bin mu, kashegari kafin asuba muka hau motar safa.

Gari ya waye mana bayan Takeita. Gero ya yi kai, gonaki kore shar dama da hagu har Tasawa da Gazawa da Cadawa. Muka huta a Maradi, birnin ƴan kasuwa, muka bi ta Gidan Rumji zuwa Madawa. Daga nan sai Galmi, garin da jar albasarsa ta yi suna har ƙasashen bakin teku, sai Malbaza mai masana'antar siminti, sai Tsarnawa inda hanyar Tawa ta rabu. A Birnin Ƙonni, dab da iyakar Najeriya, muka yi sallar ƙasaru, yara suna mamakin azahar raka'a biyu. Duwatsun Dogon Dutsi suka bayyana da yamma, jajaye masu shafaffen kai. Daga Doso harshe ya juya, masu talla suna kira da Zabarmanci, uwargida ta yi shiru tana kallon taga. A nan ta tabbatar an bar gida. Yara sun so ganin raƙuman dawa na Kure, amma dare ya riga mu. Muka shiga Yamai bayan isha'i, da yake kuma da niyyar zama muka zo, ƙasaru ta ƙare daga nan.

Kayanmu sun iso lafiya, tangaran biyu kaɗai suka fashe. Maƙwabta Zabarmawa suka aiko da ruwa da abinci tun ba mu san sunayensu ba.

A watan Satumba na 2024, ruwan sama mai yawa ya rushe tsohon masallacin ƙasa na Damagaram, wanda aka gina tun tsakiyar ƙarni na 19, gidaje da yawa kuma suka faɗi. Katangar bayan ɗakinmu ta jiƙe har ta tsage. Ƙanenmu ya kwashe adakun zuwa zaure, ya ɗauko takarda ya bi su ɗaya bayan ɗaya gaban shaidun nan biyu, ba a rasa ko cokali ba, ba wanda kuma ya zargi wani.

Don haka, ƴan uwa, duk mai shirin ƙaura ya ba kayan da zai bari irin kulawar da yake ba waɗanda zai ɗauka. Ya rubuta, ya kafa shaidu, ya faɗi na wane ne, ko da a gidan mahaifinsa ne. Wanda aka bar wa ajiya kuma ya ji tsoron Allah a cikinta. Allah Ya kai matafiyanmu lafiya, Ya sa albarka a gidajen da muka bari da waɗanda muka shiga, amin.