Na je Dogondutsi ganin mai liƙa leda ga gilashin mota

Ni malamin yaƙi da jahilci ne a wani ƙauye na ƙasar Tibiri. Ga labarin tafiyar da na yi Dogondutsi cikin watan Afrilu.

Saƙon wani dattijo ne ya kai ni. Ɗansa ya yi rani biyu cikin ajinmu, ya iya karatu da lissafi. Bayan girbi ya tafi Dutsi koyon sana'a. Wata biyar bai dawo ba. Dattijon ya same ni bayan la'asar ya ce: "Malam, kai ka koya mishi karatu, kai za ka ɗauko mini shi. An ce leda yake liƙawa ga motocin mutane. Wannan aiki ne? Damina ta kusa, ni kuwa ƙarfina ya ƙare." Na ce: "To Baba, bari in je in gani da idona."

Ranar Juma'a, ranar kasuwar Dutsi, na shiga mota. Munka bi cikin Dallol Mauri. Gonaki duk sun bushe, sai itacen gawo kaɗai ke da ganye, makiyaya da awakinsu suna ƙarƙashinsa. A Kore Mairuwa munka hau babbar hanya mai lamba 1, wadda ta taso daga Yamai, ta bi Dosso, ta wuce Birnin Ƙonni. Ni ina kujerar baya. Rana ta ratso gilashi tana gasa mini ƙeya. Wata mata kusa da ni ta rufe jaririnta da zane, yana ta kuka. Kun san zafin Afrilu a Arewa, yakan wuce awo 40.

Da munka hango dutsen Tozon Bijini, na san mun iso. Na tambaya a tasha, anka nuna mini wata rumfa da anka kewaye da tamfal. Can na iske yaron yana yayyafa ruwa a ƙasa. Ya ce: "Malam, sannu da zuwa. Don Allah ka tako a hankali, ƙura ce abokiyar gabarmu." Na gaida maigidansa, ya ba ni benci, na zauna ina kallo.

Ledar nan siririya ce, mai duhu. Direbobi suna ce mata fime. Gefe guda tana da danƙo, an rufe danƙon da wata farar leda. Amfaninta, tana rage zafin rana da haskenta cikin mota. Daga ciki ake liƙa ta, ba daga waje ba.

Ga yadda na ga sun yi wa gilashin baya na wata mota. Da farko sunka wanke shi ciki da waje da ruwan sabulu. Yaron ya auna tsawo da faɗi da mita, ya rubuta cikin littafinsa, ya yanko ledar da ɗan rara. Sunka shimfiɗa ta bisa gilashin ta waje. Gilashin baya ba miƙaƙƙe ba ne, yana da doro kamar bayan ƙwarya. Don haka ledar ta tattare wuri-wuri. Maigidan ya ɗauki wata na'ura mai hura iska mai zafi. Yana hurawa, yana lallashin ledar da katin roba, har ta kwanta ta ɗauki siffar gilashin. Ya ce mini: "Malam, nan ne sana'ar take. In zafi ya yi yawa, leda ta ƙone. In ya yi kaɗan, ba ta kwanciya."

Bayan haka sunka gyara bakinta da reza, sunka ɓare farar ledar, sunka fesa ruwan sabulu ga danƙon da cikin gilashin. Sunka shiga mota da ita su biyu, sunka ɗora. Sai yaron ya dinga matse ruwan da kati, daga tsakiya zuwa baki. Ƙwayar rairayi ɗaya in ta shiga, sai ta bar ƙurji da ba ya ɓacewa. Shi ya sa lokacin hunturu aikin ya fi wuya.

Na ga wasu siraran layuka cikin gilashin. Yaron ya ce wayoyin lantarki ne, masu ɗumama gilashi a ƙasashen sanyi inda motar ta fito. Ba a kankare su da reza, tsinkewa suke yi. Ya ce watansa na fari ya ɓata leda har sau uku, maigida ya kusa korarsa.

Abin da ya fi faranta mini rai shi ne lissafi. Kowace leda tana da lamba: 5, 20, 35 ko 50. Lambar tana faɗin kashi nawa cikin 100 na haske ke ratsawa. Mai lamba 50 tana barin rabin haske. Mai lamba 5 baƙa ce ƙirin. Wanda bai iya karatu ba sai shi ɗauka babbar lamba ta fi duhu, alhali ƙaramar ce. Akwai kuma mai araha, wadda rana ke cinye wa launi, ta koma kamar shuni, ta kumbura.

Muna nan sai ga wani direban motar haya. Ya ce a sa mishi mai lamba 5 gaba da baya. Maigidan ya ƙi. Ya ce: "Da dare in za ka ja da baya, ba ka ganin yaro, ba ka ganin jaki. Ban ɗaukar alhakin rai don kuɗin leda." Direban ya yi fushi ya tafi, kuɗin sunka bi shi. Maigidan yana da gaskiya. A Faransa, tun 2017, doka ta ce gilashin gaba da na gefen direba su bar kashi 70 na haske. Najeriya, wadda muke iyaka da ita, ta yi dokar baƙin gilashi tun 1991. Mai mota, kafin ka liƙa, ka tambayi jandarma ko ƴan sanda abin da dokar ƙasarmu ta yarda da shi.

Da yamma na ba yaron saƙon ubansa. Ya sunkuyar da kai ya ce: "Malam, in na bari yanzu, hannuna bai nuna ba. In na zauna, gonar Baba ta kwana." Munka koma wurin maigidan. Shi ma manomi ne, yana da gona wajen Matankari. Ya ce: "Ruwan fari in ya sauka, shi tafi. In an ɗaure hatsi, shi dawo. Wurinsa yana nan."

Yaron ya rubuta wa ubansa takarda da hannunsa, ya haɗa da goro da sabulu. Na kawo, na karanta wa dattijon. Na gaya mishi sana'a ce ta gaske, mai son tsabta da haƙuri da lissafi, kuma kayan aikinta suna shiga jaka ɗaya. Na ce Dutsi ba Libiya ba ce, ba Abijan ba ce, ko yau ka kira shi yana kwana gida. Dattijon ya ninke takardar, ya sa cikin hularsa, ya ce: "Malam, na ji. In na gan shi da sungumi ranar shuka, na yarda."

Yanzu ni da shi duk ruwa muke jira. Allah shi ba mu damina mai albarka.