Kujerar Makka: Magana Ta Mu Ya Mu

Ku matso kusa, 'yan uwa, wannan maganar ba ta tsakar gida ba ce. Babu wadda a cikinmu ba ta son ranar da za a kira ta Hajiya da gaske, ba irin Hajiyar da masu atamfa a Kantin Kwari ke liƙa wa kowa don a yi ciniki ba. Amma da an taɓo zancen sai mu ce "Allah Ya kira mu", mu shafa, mu koma hirar anko. Kiran gaskiya ne. Shirin kuwa a wuyanmu yake.

Mu fara da abin da ke sa gaba ya faɗi. A 2023 kuɗin kujera bai kai naira miliyan 3 ba. A 2024 aka sanar da kusan miliyan 4.9, mutane suka yi ta fafutuka suka biya, can kuma aka ce kowa ya ciko miliyan 1.9. A 2025 kujera ta haura miliyan 8. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: jirgi, masauki a Makka da Madina, tantin Mina, abinci, duk da dala ko riyal ake biya. A watan Yunin 2023 gwamnati ta saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, dalar da ke kusan naira 460 a banki ta haura 1,500 kafin shekara ta zagayo. Wadda ta ƙulle miliyan 2 a akwati tana ganin saura ƙiris, ta wayi gari ko rubu'in kujera ba ta da shi. Kuɗin da aka ajiye a naira kamar ƙanƙara ne a hannu, kina riƙe da shi yana zurarewa.

Na ga Amarya tana motsa baki, na san adashinmu za ki tambaya. Adashi yana da amfani, ƙanwata, domin kunyar uwar adashi tana sa mutum ya yi zubi ko ba ya so. Sai dai mai ɗaukar ƙarshe ita ke kwasar kuɗin da darajarsa ta ragu. Kuma ranar kwasa ita ce ranar hatsari. Kafin magariba labari ya kai dangi, wannan ta zo da rance, waccan da bikin 'yarta, ga ɗan ƙani da aka koro daga makaranta. Don haka tun kafin ranar ki san inda kuɗin zai kwana, kada ya kwana a ɗakinki.

Ina zai kwana? Nan ne kowacce za ta duba ƙarfinta. Mai fili a gida ta yi kiwo: a sayi 'yan raguna bayan Babbar Sallah lokacin da kasuwa ta faɗi, a sayar gab da layya. Amma ku lura da abin da mutane da yawa ba sa lissafawa. Hukumar alhazai tana rufe karɓar kuɗi watanni kafin tashi, ragon layya kuwa sai alhazai sun riga sun isa Saudiyya ake sayar da shi. Ke nan ragon bana kujerar baɗi yake biya. Ga dusa da harawa da magani, waɗanda in ba a rubuta su ba sai a ɗauka an ci riba alhali uwar kuɗi aka mayar. Hatsi ma haka, a saya da kaka a fitar da damina, sai dai waɗanda suka tara masara a 2025 sun ga yadda farashi ya karye. Zinare ya fi su sauƙin ajiya, amma in kin tashi sayarwa kuɗin ƙira ba ya dawowa, shi ya sa mai ajiya ba ta bin sarƙa mai yawan ado. Ni dai ba na son a zuba komai wuri guda.

Akwai kuma Adashin Gata, wanda hukumar alhazai ta ƙasa, NAHCON, ta ƙaddamar tare da bankin Jaiz a Kano a 2020. Mutum yana zubawa kaɗan-kaɗan, ana juya kuɗin ta hanyar halal. Malesiya ta daɗe da irin wannan, tun 1963 suke da asusunsu na Tabung Haji. Adashin Gata ma dai a naira yake, ba zai tsare ki daga tashin dala ba, amma zai tsare ki daga hannunki da na 'yan rance, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Yaya Babba, ke da kika sauke farali, ki gyara mini in na kauce. Kujera ba ita ce ƙarshen lissafi ba. Guzurin da aka ba alhazai a 2024 dala 500 ne, ga hadaya ga mai tamattu'i, ga fasfo. Malamai kuma sun ce iko ya haɗa da abin da za ki bar wa waɗanda ciyarwarsu ke kanki har ki dawo. Sannan ga tsaraba, wadda ita ce ke kunyata mutane. Dabino da zamzam sun isa. Carbi da darduma da jallabiya kuwa, yawancinsu ana samun irinsu a kasuwannin Kano, wasu alhazan ma a nan suke saya su ajiye kafin su tashi, kuma ban ga laifinsu ba.

Kada a manta da zakka. Kuɗin Hajji in ya kai nisabi, wato kimar kusan giram 85 na zinare, ya kuma shekara a hannu, ana fitar masa da biyu da rabi cikin ɗari. Zinaren da aka saya don ajiya ma ba hukuncinsa ɗaya da na kwalliya ba, a tambayi malami.

In shekarun tarin sun yi miki yawa, ki tuna kakanninmu da suka bi ta Chadi da Sudan a ƙasa, suna tsayawa su yi ƙwadago a gonakin auduga na Jazira, su tara na gaba, su ƙara matsawa. Wasu sun yi shekaru a hanya, wasu zuriyarsu na can har yau.

Abin da nake roƙonku shi ne, kowacce ta samu ɗan littafi ta rubuta abin da ke shigo mata a wata, ta yanke abin da za ta ware tun ranar da ya shigo, kafin cefane da anko su taɓa shi. Ki sanar da maigida, don da izininsa da shawararsa za a yi tafiyar. Bayan shi kuwa, ki ja bakinki ki yi shiru har sai rasit ɗin kujera ya shigo hannunki.