Kalangu da Makirfo a Birnin Gwari

Laraba

Kayan aikin duka jaka ɗaya da kwali ɗaya suka ci: makirfo SM57 biyu, SM58 biyu, 'yar ƙaramar miksa, na'urar naɗar sauti mai aiki da batir, sai wayoyi masu baki uku a nannaɗe. Makirfon situdiyo, wato kwandensa, na bar shi Kaduna a cikin akwatinsa. Abokin aikina ya so in tafi da shi ko don gurmi. Na ce masa ƙurar hunturu da ramukan hanya ba za su bar shi ya dawo lafiya ba, ga shi kuma ba ya motsi sai an ba shi wuta bolt 48 daga miksa.

Daga Kaduna zuwa Birnin Gwari ya ɗara kilomita 100. Akwai shekarun da direbobi ba sa bin hanyar sai sun taru an yi musu rakiyar jami'an tsaro. Tun bayan sulhun da gwamnatin Uba Sani ta ƙulla da 'yan bindiga a Nuwamban 2024 motoci suka fara dawowa. Duk da haka muna wuce Buruku hira ta mutu a motarmu. Ta ɗan motsa a Udawa, ta sake kwantawa har muka shigo gari.

Biki ya kawo ni. Uban ango ya ce an daɗe ba a yi kiɗan dare a unguwarsu ba, kuma makaɗan da suka yi wa ubansa wasa saura kaɗan. Yana so a naɗe su yadda jikoki za su ji.

Alhamis

Da hantsi aka kai ni gidan mai kalangu. Dattijo ne, asalinsa makaɗin mahauta. Ya ɗauki SM57 ya jinjina, ya juya shi, ya ce, "Ɗana, wannan ɗan ƙarfen ne zai ɗauke ni?" Na ce, "Shi ne, Baba." Ya ce wanda aka taɓa kafa masa a gidan rediyo ya fi wannan girma da kwarjini. Ban yi gardama ba.

Abin da ke cikin cikinsa bai da yawa: wani siririn tantani, an manna masa naɗin wayar tagulla mai kama da gashi, naɗin kuma yana zaune a tsakiyar mayen ƙarfe. Sauti ya bugi tantani, naɗi ya motsa, motsin ya haifi 'yar wutar da waya ke kai wa miksa. Lasifika ce aka juya ta baibai. Shi ne ake kira dainamik, kuma ba ya neman batir ko wutar kowa. Da yake tantanin yana jan nauyin naɗin, ba ya zabura a kan ƙaramin motsi. Nauyin kunne gare shi: na kusa yake ji, na nesa sai dai ya yi haƙuri. A situdiyo wasu na ɗaukar wannan aibi. A tsakar gidan da akuya ke kuka, ana daka a maƙwabta, mai cajin waya ya tayar da janareta a bayan katanga, ban san abin da ya fi shi amfani ba.

Janaretan nan kuwa bai sa na je roƙon kowa ya kashe ba. Makirfon ta gaba yake ji, ya ɗan ji ta gefe, ta baya kusan kurma ne. Na zaunar da Baba yana fuskantar katangar, makirfo ya ba ta baya. Ƙarar ta koma can ƙasa.

Wahalar kalangu daban ce. Fata biyu gare shi, muryarsa kuma ba ta zama wuri ɗaya, tana hawa da sauka gwargwadon yadda hammata ta matse tsarkiya. In ka saita makirfo tsakiyar fata, ƙwas ɗin makaɗi kawai za ka kwasa, maganar ta ɓace. In ka ja baya da yawa, akuya ta shigo. Inda ya zauna mini shi ne kamar taƙi ɗaya daga fatar gaba, a karkace, yana kallon gefen fata. Nan ne saukar muryar ke fitowa, wannan lanƙwasar da mahauci ke ji ya san da shi ake. Na gwada ƙara na biyu a fatar baya, sai sautin ya rame, domin lokacin da fatar gaba ta shiga ciki ta baya fita take yi, makirfo biyun suna cin juna. Akwai maɓallin juya ɗaya a gyara wannan, amma guda ɗayan ya wadatar, na cire na bayan.

Da na sa masa abin ji a kunne, ya saurara, ya ce ɗan karɓinsa yana jan ƙafa. Bai ce komai a kan makirfo ba. A wurin makaɗi wannan yabo ne.

Juma'a

A masallaci hankalina ya ƙi barin lasifika. Ladan ya matsa kusa da ita sai ta ɗauki kuka. Matsalar masallatanmu ke nan daga nan har Sakkwato: a kafa lasifika a bayan mai magana tana hura wa makirfo a baki, sannan a ce kayan ne ba su da kyau.

Da la'asar mai gurmi ya zo. A nan abokin aikina ya kusa yin gaskiya. Gurmi ba ya ɗaga murya, kuma dainamik yana son a yi masa magana da ƙarfi. Na buɗe miksa sosai, sai wani shuuu ya taso daga cikin na'urar kanta. Magani shi ne matsowa, domin duk lokacin da ka rage rabin tazara, ƙarfin sautin da ke isa makirfo yana ƙaruwa da kimanin desibel 6 ba tare da ka taɓa komai ba. Amma matsowa da nata sharrin. Irin wannan makirfo in ya kusanci abu sai ya kumbura masa ƙasan murya, ƙoƙon gurmi ya koma yana gurnani kamar ganga. Na yanke abin da ke ƙasa da hez 100, na kawar da bakin makirfon daga ƙoƙo zuwa inda yatsu ke taɓa tsarkiya. Ya fito. Ba kamar yadda kunne ke jin sa a zaure ba, amma duk wanda ya saba da faifan Haruna Uji zai gane gurmi ne ba garaya ba.

Kafin magariba mai masaukina ya zagaya da ni kara, kasuwar shanu. An sake buɗe ta ne a Nuwamban 2024 bayan ta shafe shekaru a rufe. Wani saurayi Bafulatani yana zaune a gindin bishiya da sarewa. Muka gaisa, na roƙe shi, ya yi jim, ya yarda da sharaɗin ba hoto. Sarewa ta fi gurmi wuya, domin rabin sautinta iska ce, ga iskar hunturu tana tata busar. Na sa wa makirfo soso, na ɗora safa a kai, na riƙe shi gefen bakinsa maimakon gaba. Shanu suna kuka kewaye da mu, amma a naɗin sai ka ce daga wani ƙauye suke.

Daga nan daji ba nisa. Kamuku, wanda aka mayar gandun ƙasa a 1999, an san shi da giwaye da gwanki kafin a san shi da abin da aka san shi da shi yanzu. Na ce wa mai masaukina ina sha'awar in naɗi kukan tsuntsayensa da asuba. Ya dube ni ya ce, "Malam, sulhu aka yi, ba hauka ba." Ko da ma an bar ni, kayan da ke jakata ba na wannan aikin ba ne. Tsuntsun da ke kan reshe can sama aikin kwandensa ne.

Asabar

Da rana wasan mata ne a cikin gida, kiɗan ƙwarya, kuma ba a shigar da baƙon namiji. Na kafa miksa a zaure, na haɗa wayoyi biyu suka yi tsawo, ƙanwar ango ta ja su har tsakar gida. Waya mai baki uku tana tafiya mai nisa ba ta kwaso gurnanin wuta ba, shi ya sa ban taɓa yarda da masu baki ɗayan nan na kasuwa ba. Na ce wa yarinyar SM58 na zabiya ne, ta riƙe shi kamar yatsu biyu daga baki. SM57 kuma a ɗaure shi a turmi yana kallon ƙoren, amma kada ya yi kusa da wadda aka kife a ruwa.

Ina zaure ina jin komai ban ga komai ba. Zabiyar tana da murya irin ta matan da suka tashi da jin Barmani Choge, wadda garinta Funtuwa ba wani nisa ne da nan ba, kuma ta rasu a 2013. Ana cikin wasa na ji ƙum, sai shewa. Makirfo ya faɗi. Aka ɗauka aka ci gaba, ko gezau. Da yarinyar ta dawo da kaya, kan SM58 ya lotsa ta gefe, na ƙwarya kuma ya sha feshin ruwa. Kamfanin Shure ya fito da SM57 a 1965, SM58 a 1966, kuma har yau bai ga dalilin sauya musu fasali ba. Tun zamanin Lyndon Johnson SM57 ne ake kafa wa shugabannin Amurka in za su yi jawabi. Yau ga shi ɗaure a turmi da tsumma.

Da dare aka fito fili. Uban ango ya ce a tashi da wuri, kuma kada a kai sauti inda ba a gayyata ba. Babu wanda ya tambaye shi abin da yake nufi. Na rage lasifikokin, na kafa su gaba da makaɗa suna kallon jama'a, makirfo duka a bayansu.

Shirin da na yi ranar Alhamis bai kai minti goma ba ya rushe, domin mai kalangu ba ya wasa a zaune. Sanƙira ya ambaci wani, Baba ya miƙe ya nufe shi, makirfo ya rage yana kallon kujera. Haka kiɗan yake. Kalangu zuwa yake wurin mutum ya kira shi, ba a ɗaure shi a sanda. Na cire makirfon daga sanda na ba jikansa, na ce, "Bi shi, kada ka wuce taƙi ɗaya, kada ka shiga gaban lasifika." Yaron ya fi sanda sanin aiki, tun da ya san inda kakansa zai juya kafin ya juya. Masu liƙi suna tattaka waya, ni kuma ina bin ta ina ja.

'Yan amshi uku na tara su a makirfo ɗaya, mai ƙaramar murya a tsakiya. Ba rowa ba ce. Kowane makirfo da ka ƙara buɗewa a fili ƙofa ce ta kuka, kuma su da kansu sun fi miksa iya daidaita muryoyinsu.

Bayan tsofaffi sun sauka, samari suka hau da fiyano. Mawaƙinsu ya dunƙule kan makirfo da tafin hannu yadda yake gani a bidiyo, nan take lasifika ta tsala ihu. Ramukan da ke bayan kan su ne ke sa makirfo ya ƙi jin baya. Ka toshe su, ya koma jin ko'ina, har da lasifikar. Na raɗa masa ya sauke hannu ƙasa. Ya sauke, baiti biyu ya mayar.

Lahadi

Kai amarya, da mai algaita a gaba. Algaita ba ta buƙatar lasifika, naɗi kawai na yi. Na tsaya kamu guda daga gare shi, makirfo a karkace, domin in ka saita shi cikin bakin algaita tsinin sautin sai ya soke kunne. Ƙarfi dai ba ya damun dainamik. Miksa ce za ta fara cewa wayyo kafin shi.

Mai kayan sautin samarin jiya ya kawo mini nasa SM58 in duba, wai me ya sa nawa ya fi. Na jinjina, ya fi nawa sauƙi. Na shafa jikinsa yana kunne, ƙarar hannu ta cika lasifika, alhali na gaske yana da abin da ke shanye wannan girgizar a ciki. Jabu ne, kuma kuɗin da ya biya bai kai rabin na gaske ba, saboda haka shi ma ya sani. Na ce ya riƙa kafa shi a sanda ya daina ba mawaƙa a hannu, zai yi masa aiki.

Talata, Kaduna

Na zauna na saurari komai. Kalangun ranar Alhamis ya fito tas, kowace lanƙwasa a wurinta. Ƙwarya ta fi yadda na zata. Sarewa tana da shuuu a ƙarƙashinta, zan rage amma ba zan kashe duka ba, domin numfashin mai busa zai tafi tare da shi.

Na daren Asabar ne ya tsaya mini a rai. Kiɗan yana nan, waƙar tana nan, amma filin babu. Mutanen da suka cika wurin, guɗar da ta tashi lokacin da Baba ya kira sunan gidan ango, tsofaffin da ke amsawa daga bayan taro, duk sun koma 'yar hayaniya can nesa. Halin da ya kore mini janareta da akuya shi ya kore su, makirfo bai san bambanci ba. A garin da aka daɗe ba a taru da dare ba, taron kansa rabin abin da uban ango ya so a adana ne. Masu naɗar kiɗan Hausa na da, irin su David Ames da ya yi aiki a Zariya a shekarun 1960, sun bar mana bayanin wurin da ake kiɗa tare da kiɗan, kuma wannan ne ya sa aikinsu yake da amfani har yanzu.

Abokin aikina ya ce da na ɗauki kwandensan da an huta. Ban yarda ba, da ƙura da janareta sun cinye shi tun ranar farko. Abin da aikin ke so shi ne dainamik guda a ware, a ɗaga shi sama a juya shi wajen jama'a, a naɗe shi a layinsa daban. Na tambayi ƙanwar ango ko akwai wanda ya ɗauki daren da waya daga cikin taro. Ta turo mini guda uku, ɗaya yana da guɗar. Gobe zan gwada ɗora shi a ƙarƙashin nawa, in ya zauna in tura wa jikan Baba a katin waya ta hannun direban da ya kawo ni.